Malaina, tik ko bishiyar Chana da ake talla: wacce zan dasa don katako?

Mai Gonar Kachiya:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema wajen masu sani. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana gona wajen Kachiya, da aka raba gado na samu kamar hekta uku, to ni a Kano nake aiki bana iya zuwa duk damina, shekara biyu kenan ina bada ita aro ana masara da citta amma gaskiya ƙasar ta fara gajiya. Shine wani abokina ya turo min bidiyon wata bishiya wai ita folawniya daga Chana, wai a shekara biyar ta isa yanka, katakonta hadwud ne irin wanda Turawa ke nema, in ka sare ta sake tohowa ba sai ka sake dashe ba, har mai tallar yana cewa su da kansu zasu saya in ta girma. Irin da tsada fa ba kaɗan ba. Kafin in zuba kuɗina nace bari in ji ta bakinku, akwai wanda ya santa?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekarata 41 ina riƙe da zarto, tun ina yaron shago nake zuwa 'Yan Katako na Na'ibawa sayo kaya. Bishiyar da ta girma a shekara biyar ba katako bace a wajena, in ka buga mata ƙusa yau gobe ka zare da hannu. Ƙofar zauren gidanmu madaci ce, babana ya yi ta tun kafin a haife ni, har yau gara bata taɓa ta ba. Wannan madacin kuwa ya fi shekara ɗari a tsaye kafin a kada shi. Sauri ya haifi nawa, ka riƙe kuɗinka.

Malamin Daji:
Baba Kafinta ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce, ɗayan rabin kuma zamu ɗan ja. Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya don haka bari in warware inda masu tallar suke rikita mutane. Kalmar nan hadwud a wajen masana itace ba tana nufin katakon yana da tauri bane, rabo ne kawai na dangin bishiya. Duk mai faffaɗan ganye da ke yin fure hadwud ake ce mata, masu siraran ganye kamar allura irin fain na ƙasashen sanyi su ne sofwud. Akwai wata balsa ta Kudancin Amurka da zaka iya lotsa ta da farce, amma ita ma a takarda hadwud ce. To mai talla bai yi maka ƙarya kai tsaye ba, ya bar ka ne ka fassara da kanka. In kana son sanin ƙarfi ka tambayi nauyi. Busasshen katakon folawniya kubik mita ɗaya bai cika kai kilo 300 ba, malaina tana tsakanin 400 da 500, tik wajen 650, madaci ya haura 700. Ka ga bambancin.

Mai Gonar Kachiya:
Ikon Allah. Wato Malam bishiyar banza ce kenan?

Malamin Daji:
A'a ƙanena, ban ce haka ba. A ƙasarta bishiya ce mai daraja sosai. Akwai wata gunduma Lankao a lardin Henan na Chana da yashi da iska suka addaba, a farkon shekarun 1960 shugaban gundumar Jiao Yulu ya sa aka dasa folawniya don tare yashi, yanzu mutanen wajen da katakonta suke ƙera kayan kiɗan gargajiyarsu suna sayarwa ko'ina. Manoman can suna jera ta cikin gonar alkama saboda saiwarta ƙasa take nutsewa bata cika takura wa shuka ba. Japanawa kuma suna yin akwatin ajiye tufafi da ita saboda bata da nauyi bata kuma lanƙwashewa. Amma lura da abu biyu. Na farko, ƙasar da take da lokacin sanyi na gaske ce gidanta, tana son ƙasa mai zurfi mai laushi wadda ruwa baya kwanciya, in saiwarta ta kwana biyu cikin ruwa ta ruɓe, ga zafin bazararmu ga gara. Na biyu, ko a can ma shekara 8 zuwa 10 ake ba ta kafin a samu gungumen kirki. Ni abin da zan ce, ka ce wa mai tallar ya kai ka gonar da aka dasa a ƙasar nan har aka yanka aka sayar, ka ga kututturen da idonka ka ga wanda ya saya. Gani ya kori ji.

Hajiya Mai Lambu:
Wayyo ɗan uwa da ka yi tambayar nan shekara uku baya da na tsira da kuɗina. Ni na saya, guda 400, wajen wani kamfani da ba sai na ambaci suna ba. Damina ta farko wallahi in ka gani sai ka yi sha'awa, ganye kamar faifai, tsawo har ya wuce kaina cikin wata huɗu, ina ta ɗaukar hoto ina tura wa yarana. Da rani ya shigo muna ban ruwa da jarka muna ban ruwa, watan Afrilu suka fara bushewa daga sama, waɗanda suka tsira kuma gara ta bi ta ƙasa. Yanzu bai fi talatin suka rage ba su ma a karkace. Lambar da suka ce a kira in lokacin saye ya yi ta daina shiga tun bara. Abin da ya fi min ciwo ba kuɗin ba, na cire mangwaro biyar na marigayi maigidana don in samu fili.

Baba Kafinta:
Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Kun ji ko.

Ɗan Jami'a:
Sannu Mama, Allah ya musanya. Wannan salon ba sabo bane, a Indiya cikin shekarun 1990 kamfanoni sun yi ta karɓar kuɗin mutane da sunan zamu dasa muku tik bayan shekara 20 ku kwashi riba ninki ba ninki, da yawansu suka rushe da kuɗin jama'a har sai da hukumar kula da hannun jari ta ƙasar ta shigo ta kafa musu doka. Kuma tik ce fa, bishiyar gaske wadda ba a jayayya a kanta. Matsalar ba daga bishiyar take ba, daga mai alƙawarin ce. Duk wanda ribarsa tana cikin sayar maka da iri ba cikin sayen gungumenka ba to ya gama cin nasa tun ranar farko.

Ɗan Mutum Biyu:
Ni dai kada maganar damfara ta sa a watsar da ainihin zancen, domin dasa itacen katako ya zama dole. Ku da kuke birni baku ga abin da muka gani a Taraba ba. Madobiya, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa Madrid, tun wajen 2013 zuwa 2014 aka fara kwasarta ana kai wa Chana suna yin kujeru da gadaje na alfarma. Garba Chede, Mutum Biyu, Bali, ko'ina ka duba tirela ce cike da gungume, yara sun bar makaranta sun shiga daji da injin zarto, kuɗi ya shigo kamar ba gobe. Wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta fitar da rahoto a 2017 cewa gungume kusan miliyan 1.4 aka fitar ba bisa ƙa'ida ba. A farkon 2017 ɗin aka sa madobiya cikin jerin CITES na itatuwan da sai da takarda ake fataucinsu, a 2018 aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita gaba ɗaya. Amma kafin nan an riga an yi aski. Duwatsun da nake kiwo a gindinsu ina yaro yanzu tsirara suke, kuma madobiya ita ce makiyaya ke sassaƙo wa shanu ganyenta da rani in ciyawa ta ƙare. Bishiyar da ke ɗaukar shekaru da yawa kafin ta yi kauri an share ta cikin shekara huɗu ko biyar.

Baba Kafinta:
Wannan gaskiya ne. Mu ma a kasuwa muna gani, loko da madaci na gaske sai mai hali, faɗin falankin ma ya ragu, da kana samun mai inci 12 ba wahala yanzu sai an haɗa biyu. A ce ma ɗanye ake kawowa.

Malamin Daji:
To Baba ka zo inda nake jiranka. A taron CITES na Panama a 2022 har madaci da kawo an sa su cikin wannan jerin, wato duniya ma ta shaida suna ƙarewa. Kai kuma duk wata sai ka yi rufin gida, ka yi benci na makaranta, ka yi gadon amarya, ka yi allon zuba kankare wanda bayan sati uku za a ɓalle a jefar. Dan Allah wanne daga cikin waɗannan ne yake buƙatar bishiya mai shekara ɗari? Amfanin mai saurin girma kenan, ba wai ta maye madaci a ƙofar zaure ba, a'a ta ɗauke masa aikin yau da gobe don a bar shi ya huta. Kuma muna da ita a gida tun tuni, malaina. Asalinta daga Indiya da Bama ne amma ta daɗe a ƙasar nan har yara suna zaton tamu ce. A wuri mai ruwa kamar Kachiya shekara 10 zuwa 15 ka samu gungumen da zai shiga injin yanka, a shekara biyar ko shida ka fara samun sanduna daga waɗanda ka rage, in ka sare kuma kututturen ya toho, duk abin da mai bidiyon ya yi maka alƙawari ita tana yi, kuma 'ya'yanta kyauta ake tsinta a gindin bishiya.

Baba Kafinta:
Malaina na santa ai, ina aiki da ita kullum. Ba zan ɓoye ba tana da daɗin goga, fara ce tas, tana karɓar fenti da folish, in ta bushe da kyau bata murɗewa. Amma a ce ta taɓa ƙasa ko ruwa ya riƙa dukanta, shekara kaɗan ta tafi. Sannan tana da jinkirin bushewa, waje ya bushe ciki da ruwa, yaran yanzu basa jira.

Maman Amare:
Yauwa Baba ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni kayan ɗaki nake sayarwa, gado da wadrob da madubi, kuma rabin rigimar da nake sha da iyayen amare daga ɗanyen katako ne ba daga irin bishiyar ba. A yanko yau a haɗa gobe a fesa fenti jibi, hunturu na kaɗawa sai ka ji ƙas cikin dare, gefen gado ya tsage, uwar amarya ta kira ni tana kuka wai na ha'ince ta. Da na gane sai na fara sayen malaina tun da wuri ina sa a jera min a rumfa da 'yan sanduna a tsakanin kowane falanki iska na ratsawa, wata uku wata huɗu, tun daga nan ban sake jin ƙorafi ba. Kuma wallahi gadon malaina busasshe ya fi wannan allon garin katako da ake shigo da shi wanda in ruwa ya zuba ya kumbura kamar burodi. In mai gona zai iya kawo min busasshe ni mai saye ce, da gaske nake.

Ɗan Jami'a:
Malam ina girmama iliminka amma bari in kawo ɗaya gefen, don kalmar nan ta cewa dashe yana ceton daji ba kullum take zama gaskiya ba. A gandun Omo na Ogun da Oluwa na Ondo, daga ƙarshen shekarun 1970 da bashin Bankin Duniya, daji na asali mai manyan itatuwa aka share aka jera malaina dubban hekta don ciyar da kamfanin takarda na Iwopin, kamfanin kuma bai taɓa yin aikin da aka gina shi dominsa yadda ya kamata ba. Wato an kashe daji don a dasa bishiya. Haka a Barazil wani attajirin Amurka Daniel Ludwig ya sayi fili fiye da hekta miliyan ɗaya a Jari cikin 1967, ya ture dajin Amazon ya dasa wannan malainar dai da kuke yabo, ƙasar yashi ta ƙi karɓarta, aka koma fain da bishiyar turare, a 1982 ya sayar ya fita da asara. Gonar bishiya iri ɗaya a layi ba daji bace, babu ɗorawa babu kaɗanya babu maganin gargajiya, tsuntsu ma kaɗan ne.

Malamin Daji:
Ban musa ko ɗaya ba ɗana, kuma na ji daɗi da matashi ya san wannan. Kuskuren Omo mu ma'aikata mun daɗe muna faɗa a tsakaninmu. Amma duba tambayar da aka yi, mutumin nan ba daji zai share ba, gona ce da masara da citta suka tsotse. Dasa a kan gajiyayyar gona daban, ture daji a dasa daban. Labarin Jari ma ai ni yake goya wa baya, kuɗi da injin duniya basu sa bishiya ta yi a ƙasar da bata dace da ita ba. Shi ya sa tambayar farko ba wacce ta fi sauri bace, ruwan sama nawa kake samu, ƙasarka yaya zurfinta.

Ɗan Daura:
To Malam mu fa? Ina da fili a bayan gari, in sa tik ɗin ko malaina?

Malamin Daji:
Kai kam kada ka soma. Tik tana son ruwan da ya kai milimita 1,200 zuwa sama a shekara, shi ya sa ta yi a gandun Nimbiya can kudancin Kaduna wajen iyaka da Filato inda aka fara dasa ta tun ƙarshen shekarun 1950. Ku wajen rabin haka kuke samu. Malaina zata rayu a bakin rijiya ko ƙofar gida ta yi inuwa amma gajera mai rassa, babu gungume. Naku shine darbejiya da turare, sai kuma madaci a inda ƙasa ke da danshi. Turare asalinsa Ostareliya, yana miƙewa sak, a shekara biyar zuwa bakwai ka sami sandunan rumfa da na tallafe dakin kankare, ya sake tohowa sau biyu sau uku, dubi gandun Afaka kusa da Kaduna. Amma kada ka kai shi bakin fadama ko kusa da rijiyar gari ko tsakiyar gonar gero, mashayin ruwa ne kuma abin da ke ƙarƙashinsa baya sakewa. Katakonsa in an yanka ɗanye yana tsagewa, don haka ka ɗauke shi a matsayin sanda ba falanki ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ku bari ɗan uwanku na Nijar shi sa baki. Malam Ɗan Daura ƙasarku da tamu guda ce, mu nan an yi shekaru ana kawo muna icce cikin leda ana dasawa yana mutuwa. Abin da ya tashe mu shi ne sassabin zamani. Kututturan da ke cikin gona waɗanda kowace shekara muke sassabewa muna ƙonewa ashe da ransu, saiwarsu na can ƙasa ta daɗe. In sun toho sai ka zaɓi reshe biyu ko ukku masu ƙarhi ka bari ka datse sauran, shi kenan. Wani bature ɗan Ostareliya Tony Rinaudo ya hwara nuna ma mutane wannan nan yankin Maraɗi a 1983, yanzu ana maganar hekta miliyan biyar da icce wajen miliyan 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, ba wanda ya sayi iri. Ni bana sayen sandar rumbu ko ta rumfa, cikin gonata nike sarowa. Sannan a kwarin Majiya wajen Buza an jera bedi, wato darbejiya, layi layi tun 1975 don tare iska, daga baya mutanen garuruwan sunka riƙa rage rassa suna saida sanduna. Amma abin da ya sa duk wannan ya kama shi ne da anka bar ma manomi iccen gonarshi. Da can in ka taɓa icce ko cikin gonarka ne sai ma'aikacin daji ya ci ka tara, to wa zai raini abin da ba nashi ba?

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaskiya ne ɗan uwa, mallaka ita ce magana. Mu a Gana akwai tsarin da suke kira taungiya, gwamnati ta sabunta shi a 2002. Za a ba manomi wuri cikin gandun da ya lalace, ya dasa tik ko wata bishiyar katako mai suna sidirela ya noma ayaba da masara da gwaza a tsakani shekara uku har bishiya ta rufe, ranar da aka yanka manomi yana da kashi 40 cikin ɗari, hukumar daji 40, masu ƙasa 15, jama'ar gari 5. Tik ɗinmu Indiyawa ke saye da yawa, ƙanana kuma a yi falwaya da su. Inda ake samun matsala shine in takardar yarjejeniya bata fito ba, mutum ya ga shekara ashirin da nisa sai ya bar wuta ta ci. Mai gona tunda filinka ne na gado ka tabbata an rubuta iyaka da 'yan uwanka tun yanzu, bishiya in ta yi kuɗi kowa zai tuna kakansa ya taɓa noma wajen.

Jauro:
Ni makiyayi ne, abu ɗaya zan roƙa. In zaka dasa ka duba ko burtali ya bi ta gefen gonar kada ka toshe, kuma ka je ka gaida ardon wajen ka faɗa masa ga abin da ka sa. Shanu da awaki suna son ganyen malaina da 'ya'yanta, shekara biyun farko in babu shinge ko mai gadi sai an samu ɓarna ko ba da gangan ba. In ta wuce bakin saniya kuma babu komai, mu ma muna so, ciyawar ƙarƙashi in an bar mu mun kiwata kafin ta bushe kai ma ka huta da gobara.

Mai Gonar Kachiya:
Jauro na gode, burtalin yana can gabas da mu bai taɓa gonar ba amma zan je wajen ardo in sha Allah. Malamin Daji yanzu dai na ajiye maganar folawniya. Faɗa min a aikace, in kai ne da hekta ukun nan kuma kana zaune a Kano yaya zaka yi?

Malamin Daji:
Da farko ba zan dasa duka a shekara ɗaya ba, hekta ɗaya tukuna ka koyi halin wajen. Tazara mita uku uku, hekta tana cin 1,111. Inda ƙasa ta fi zurfi kuma ruwa baya kwanciya ka ba tik, sauran malaina. Tik ba sai a leda ba, ana renonta shekara guda a fili sai a tuge a datse kan a bar kamar yatsa ɗaya, saiwar a bar kamar taƙi, wannan guntun shi ake cusawa a ƙasa, buhu ɗaya ya ɗauki ɗaruruwa a bayan babur. Ka dasa da zarar ruwa ya zauna, Yuni ko farkon Yuli, kada ka bari sai Agusta. Mai aron gonar kada ka kore shi, shine maganin nisanka, ya ci gaba da sa wake ko gyaɗa ko masara a tsakanin layi shekara biyu zuwa uku, yana nome nasa yana nome naka, kuma ka yanka masa kaso a rubuce daga sandunan farko don ya ji nasa ne.

Inda kowa ke faɗuwa shine ragewa. Mutum ya ga bishiya dubu a tsaye sai ya ƙirga kuɗi dubu, ya ƙi taɓa ko ɗaya, bayan shekara goma sha biyar ya tarar da sirara dubu kamar raken da bai sha ruwa ba, babu wadda zata ba da falanki. Yadda kake rage gero in ya yi yawa a rami haka ake yi. Shekara ta huɗu ko ta biyar ka cire kusan rabi, karkatattu da masu cokali da raunana, wajen shekara ta tara ko goma ka sake, a ƙarshe 200 zuwa 300 ne zasu kai ga yanka, tik kuma ka sa a ranka shekara 20 zuwa 25. Rassan ƙasa ka riƙa datsewa da zarto tun suna ƙanana ba da adda ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kowane reshe da ka bari ya yi kauri ido ne a cikin falanki. Sai wuta, ganyen tik manya ne suna zuba da rani su taru, duk watan Nuwamba a share layi mai faɗi a kewaye gonar. Kuma ka je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma a rubuta cewa kai ka dasa, domin ranar yanka da ɗauka a mota sai da takardar izini.

Ɗan Jami'a:
Ka manta namu na gida Malam.

Malamin Daji:
Ban manta ba, na bar shi ƙarshe ne don ya fi min nauyi a zuciya. Duk ɗorawa ko kaɗanya ko madobiya da ya tarar a gonar kada ya taɓa. Sannan ya sa madaci a kan iyaka da kuma jefi jefi cikin malainar. Dalilin da bamu jera madaci shi kaɗai shine akwai wata tsutsa da ke huda kan tohonsa, sai ya yi cokali ya rabu biyu tun yana ƙarami, in yana gauraye da wasu suna masa inuwa ta gefe ɓarnar tana raguwa kuma dole ya miƙe sama neman rana. Abin da ke ci min rai, madacinmu ɗin nan da muke ɓare wa bawo muna jiƙawa, mutanen arewacin Ostareliya sun ɗauki irinsa daga Afirka ta Yamma sun dasa dubban hekta don katako, mu kuma masu shi muna ta sarewa muna kallon bidiyon bishiyar wasu.

Baba Kafinta:
To yanzu kam mun hau layi ɗaya Malam. Malaina ta yi benci da gado da silin, na yarda, tik ta yi taga da ƙofar waje. Amma ɗana mai gona ka ji nawa sharaɗin, ranar da zaka yanka kada ka ba masu injin hannu su tsaga maka a daji, kusan rabin gungumen a gari yake tafiya kuma falankin baya fita daidai, ka kai injin tebur ko da ka biya mota. Ka shafa fenti ko tsohon baƙin mai a bakin kowane falanki kada ya tsage, ka jera a inuwa yadda Maman Amare ta faɗa.

Maman Amare:
Ni dai na riga na yi layi, ko bana nan 'yata tana shagon.

Hajiya Mai Lambu:
Malam ni ma ramukan nan 370 suna nan a buɗe, gonar tana wajen Zariya. Malainar zata yi?

Malamin Daji:
Zata yi Hajiya amma bata kai ta Kachiya sauri ba, ki ƙara mata shekaru. Ki leƙa tashar binciken itatuwa ta FRIN da ke Samaru ki tambayi iri, kuma ramuka biyar na farko ki mayar da mangwaron Alhaji.

Mai Gonar Kachiya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ƙarshen watan nan zan je in auna hekta ɗayan in zauna da mai aron da yayyena. Tik da malaina na ji inda zan nema, irin madacin ne ban san wa zan tambaya ba.

Baba Kafinta:
Wannan kada ka saya. Akwai wani tsohon madaci a bayan masallacin unguwarmu miƙaƙƙe sak babu cokali har sama, irinsa ake so. Da rani ƙwallayen suke fashewa 'ya'yan su zubo, zan sa jikokina su tsinto maka, amma basa jure ajiya, in na kira ka ka zo cikin satin ka zuba su a leda. Ka turo min saƙo ta akwati in baka kwatancen shagon.